Fatar kifin Kawu

Da la'asar na tarar da Kawu, ƙanin mahaifiyata, a gindin tsamiyar gidanmu a Argungu yana goge bakin goransa na su da wata baƙar fata. Bai daɗe da dawowa daga Ikko ba, inda ya yi aiki a jirgin kamun kifi. Lokacin kuwa Sakkwato ce babban birnin jiharmu.

Ya miƙo mini ya ce in shafa. Na shafa gaba, sumul. Na dawo da hannu baya, ta karce ni kamar dutsen wasa wuƙa. Tana ƙarni, amma ba irin na kifin gulbinmu ba.

Na ce, "Kawu, wane kifi ne?"

Ya ce, "Shak aka ce mashi, ɗiyata. Can ƙasan teku munka jawo shi, inda rana ba ta taɓa kaiwa ba. Idonai kore shar. Ba shi zuba ƙwai awa namu, haihuwa shika yi, kuma sai ya daɗe bai yi ba. Hanta kaɗai aka so, don mai. Da munka farke wagga, ɗiya sunka fito suna motsi."

"To ina 'ya'yan?"

Ya karɓi fatar ya ci gaba da guga.

Kwanan baya na ji a rediyo cewa irin wannan kifin na neman ƙarewa. Na dubi tafin hannuna. A wancan lokacin yaran gidanmu, mu duka, ruwa muke faɗawa mu ɓuya idan mun yi laifi. Ashe ko ƙasan teku ba maɓoya ba ce.