Gadon Zare

Inna Shafa'atu ta tarar da Sadiya tana ninke zannuwanta tana jerawa a akwati. Ba ta tambaye ta ina za ta ba. Duk Damba an san cikin nan ma ya zube, an kuma san Yusha'u ya ce matarsa ta tafi gidansu Bungudu ta huta. Irin wannan hutu, ba kasafai ake dawowa daga shi ba.

Inna ta ajiye ƙwaryar furar da ta ɗauko tun daga Tsafe, kunya da nadama suka rufe ta. Ita ta ga Sadiya a wani suna, ita ta yi ta zarya har aka ɗaura. Ga shi yanzu dangi sun sa yarinya a baki, wai mahaifarta ba ta riƙo. An ba ta saiwa, an ba ta rubutu, an hana ta daka, duk a banza.

Inna ta san wannan hanya, don ta bi ta da ƙafarta. A gidan mijinta na Furfuri ta yi ta ɓari har ta daina faɗa wa mutane tana da ciki. Ƙarshe ta fito ba goyo, ba ta kuma sake aure ba.

Yusha'u yana zaure, ya dawo daga masaƙa ko riga bai sauya ba. Babban ɗa ne a ɗakin yayar Inna, Hajiya Suwaiba, wadda ke ƙwala masa kira da sunansa gatsal ko a gaban baƙi. Ita kuwa Inna ba a taɓa jin sunan nan a bakinta ba. "Ɗan Yaya" take cewa, idonta a ƙasa. Kowa ya ɗauka nauyin bakinta ne.

"Ɗan Yaya, mi likita yac ce?"

Ya ja tsaki, sannan ya ba ta labari. Bara, wani likita a Gusau ya ɗebi jininsa da na Sadiya ya aika kudu. Sai bana, da damina ta kama, sakamako ya dawo. Na Sadiya lafiya lau.

Nasa ne da magana. Likitan ya ce a jikin kowane mutum akwai zaren gado masu tafiya bibbiyu. Biyu daga cikin nasa sun tsinke sun yi musayar guntaye, kamar a yanke bakin zane biyu a ɗinka wa kowanne na ɗan'uwansa. Ba abin da ya ɓata, shi ya sa yake garau. Amma duk lokacin da jikinsa zai raba zaren gida biyu don ya yi irin haihuwa, rabon ba ya yawan zuwa daidai. Wani iri ya zo da ƙari, wani da ragi, cikin da aka samu da su ba ya zama. Wani kuma yakan zo daidai, saboda haka haƙuri yana iya kai su ga goyo.

"Kuma wai galibi gadonai a kai, wurin uwa ko uba," in ji Yusha'u. "Wai in bincika gidanmu. Inna, Hajiya tara ta haifa, ko guda ba ta zubar ba. Ina gadon yaf fito? Sun dai haɗa jinina da na wani. Sadiya ta tai gida."

Inna ta dubi hannuwanta. Tun da ya ambaci guntaye da ɗinki ta gano bakin zaren. Shekara da shekaru tana tsammanin abin da ya same ta a Furfuri ya ƙare a kanta, ta haɗiye, ta bar wa Allah. Ashe tafiya ya yi gaba, yana jiran yarinyar da ba ta ci ba ba ta sha ba.

Daga cikin gida aka ji ƙarar rufe akwati.

Akwai maganar da dattawan gidansu suka binne tun ranar wani yaye a Tsafe, lokacin da aka miƙa yaro ga wadda ta fi ƙarfin riƙonsa, kamar yadda aka saba yi da ɗan fari. Kunya ta rufe maganar, shekaru suka danne ta. Yawancin waɗanda suka sani sun riga mu gidan gaskiya.

Sadiya ta fito da mayafi, ta durƙusa za ta yi sallama. Inna ta riƙe hannunta gam, ta ɗaga kai ta dubi mutumin nan cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Yusha'u," ta ce, "likita bai yi kure ba. Ka kai ni ya ɗebi nawa jinin, don ba Yaya ta haife ka ba, ni ce."