Filafilin Kakana

Tun zamanin da gulbi ya kafa garinmu, gidanmu ke riƙe da sarautar Sarkin Fito. Hamada ta shanye ruwan kafin a haifi mahaifina, amma ba mu ajiye rawanin ba.

Bana hukuma ta maido da gulbin, bisa sharaɗin cewa duk garin da ba shi da mai fito, za a karkatar da rabonsa na ruwan. Ran da ruwan ya iso, na tsaya a gaɓa da filafilin kakana na tuƙa kwalekwale, wanda ban taɓa jiƙawa ba.

"Yaya, a nemo wani mana," in ji ƙanwata Tasalla. "Kai da ko randa ba ka leƙawa!"

"Ba a taɓa yin haka a gidanmu ba," na ce.

Ta tattare zanenta ta bi ni cikin kwalekwale. Muka yi ta juyawa wuri guda, jama'a na dariya. Sai ta ɗauko waƙar da kakarmu ke yi wajen daka. Ashe tun asali waƙar tuƙi ce. Hannuna ya bi ta, muka ƙetare.

Ruwan garau yake, babu kifi ko ɗaya.

"Bar su," in ji Tasalla. "Su ma labari zai kai musu."