Maginiyar da Aka Kai Birni

Ka tambaye ni dalilin da ya sa yanzu gida-gida ake shan maganin damuwa, alhali ba yunwa ake yi kamar ta zamanin iyayenmu ba. To, saurara ka ji wani misali.

An yi wata tsohuwa a wani ƙauye, maginiyar tukwane ce. Tun tana amarya take sana'ar tare da wata aminiyarta. Tare suke zuwa haƙo yumɓu a bakin rafi, tare suke kwaɓawa, ranar gashi kuma su jera tukwane a rami ɗaya, su lulluɓe da kara da ƙaiƙayi, su zauna gefe suna gardamar ta wa za ta fara fashewa. Da mijinta ya rasu ta gama takaba, sai ɗanta na fari ya zo daga birni ya ce ta huta haka, wahala ta ƙare. Ɗa ne na kirki, matarsa ma haka. Suka ba ta ɗaki mai fanka da katifa mai laushi, nama kullum, ko tsintsiya ba a bari ta ɗauka. Gidan yana da katanga mai tsawo da ƙofar ƙarfe. Da safe kowa ya fice, shi aiki, matar aiki, yara makaranta. Tsohuwa ta wuni tana kallon hannayenta. Kaushinsu ya tafi, sun yi sumul kamar ba nata ba. Babu mai yin sallama, babu mai aiko a ara masa kasko, babu mai tambayar ta yadda ake komai. Sannu a hankali barci ya ƙaurace mata, abinci ya daina shiga, magana ta koma "to" da "madalla". Wani nauyi ya zauna mata a ƙirji kamar an ɗora mata dutsen niƙa. Ta so ta ce a mai da ita gida, amma ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta dube shi ta ce alherinsa ya yi mata nauyi. Kuma me duniya za ta ce? Ai sai a kira ta butulu.

Suka kai ta asibiti. A kan benci ta ga ashe ba ita kaɗai ba ce: ga matasa, ga masu goyo, ga dattawa da manyan riguna, kowa ya sunkuyar da kai. Likita ta tambaye ta abin da ke damun ta. Kafin ta buɗe baki ɗan ya amsa, "Wallahi likita, Inna ba ta rasa komai ba." Tsohuwa ta gyaɗa kai, don gaskiya ya faɗa. Aka ce ciwon damuwa ne, aka ba ta wata 'yar ƙwaya ta riƙa sha kullum. Maganin kuwa bai yi ƙarya ba. Barci ya dawo, ta fara cin abinci, nauyin ƙirjin ya ragu har tana iya ɗaukarsa. Ɗan ya yi murna ya ce an warke. Amma katanga tana nan, wuni yana nan da tsawonsa. Damina ta wuce, wata ta zo. Wata rana ɗan ya dawo da azahar ya tarar ta tuge furen da matarsa ta shuka a cikin mazubi, ta juye ƙasar a kan siminti, ta zuba ruwa tana murzawa, tana neman ta tayar da bakin tukunya. Ƙasar ba ta da danƙo, sai rushewa take yi, ita kuma tana sakewa. Hankalinsa ya tashi, ya zaci ta zautu, ya sake kai ta asibiti a ƙara mata magani. Wannan karon likitar ta ce ya jira a waje. Ta jawo kujera kusa da tsohuwa ta ce, "Inna, da can me kike yi da safe?" Tsohuwa ta fara da rafi, ta bi ta kan yumɓu da ramin gashi da mijinta da aminiyarta, ba ta tsaya ba sai da na kan benci suka fara ƙorafi. Likitar ta kira ɗan ta ce kada a daina maganin, amma a kai ta inda ake bukatar ta.

Ya mai da ita ƙauye. Sai dai sun tarar an yi gini a kan ramin gashi, aminiyar kuwa ta rasu tun kakar bara. Labarin ya je birni a lokacin, shi ne ya ɓoye mata don kada ciwonta ya tashi. Tsohuwa ta je ƙofar ɗakin aminiyar ta zauna a ƙasa, ta yi kukan da ba ta yi ba tun mutuwar mijinta, matan unguwa suka kewaye ta suka bar ta ta yi. Ta ci gaba da zama a tsohon ɗakinta. Tana shan maganinta, wata rana ta tashi da ƙarfi ta gina kasko ɗaya ko biyu, wata rana ta wuni ba ta ce uffan ba. Ɗan kuwa duk zuwan da zai yi sai ya tsaya a zaure ya daɗe kafin ya shiga. Ya ba ta duk abin da ya ga ya dace, abu ɗaya ne bai yi ba, bai tambaye ta ba.

Shi ya sa Hausawa suke cewa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.