Kwafi Biyu

Likita ya yi shiru yana kallon hoton cikin wata injiniyar kwamfuta, mijinta na zaune a gefenta. Ta san irin wannan shirun. A ofis, in ta rubuta fayil ɗin da ke tsara wa sabobi, wato manyan kwamfutoci, yadda za su tayar da manhaja, haka allo kan yi tsit kafin ya nuna kuskure. Ita kuwa ba ta yarda da kwafi ɗaya na manhaja, har mijinta ya haddace karatunta: "Sa biyu, in ɗaya ya faɗi a samu madogara."

Shekaru suka yi suna jiran wannan cikin.

"Lafiya ƙalau," in ji likita. "Zuciya biyu ke bugawa."

Mijin ya dafe kai, ga dariya ga hawaye. "Baiwar Allah! Nan ma sai da kika sa biyu?"