Minti Tara na Kurakuran Skirmantas

Gintautas ya kunna bidiyon rahotonsa. Shekara talatin yana tantance 'yan wasa a wannan kulob na ƙwallon kwando, bai taɓa yin ƙarya a rahoto ba. Yau zai fara, da furfurarsa da komai.

Su uku ne a ɗakin gilashin da ke saman filin atisaye: shi, da koci Algimantas, da Jolanta mai kulob ɗin. Gurbi ɗaya na ɗan wasan gaba ya rage na kakar baɗi. Ko a sabunta kwantiragin Skirmantas, ɗan gari da ya shekara goma sha huɗu a rigar kulob, ko a ɗauko Edgars, wani dogon saurayi daga Latvia.

Ko mai sayar da burodi a bakin tasha ya san Skirmantas ya fi. Ya fi cin maki, ya fi tsare gida, ya fi cafke ƙwallo idan ta dawo daga kwando. Gintautas kuwa ya fi kowa sani, don shi ya fara ɗora masa ƙwallo a hannu tun bai kai tsawon tebur ba. Duk da haka sati biyu ya yi yana tsince wasanni arba'in, ya tattaro duk inda ƙafar Skirmantas ta zame da duk jifan da ya kauce, ya haɗa minti tara. Na Edgars kuwa zallar kyau ya zaɓo, har sai da ya ji kunyar kansa.

Bidiyo na tafiya, idon Gintautas na ƙasa a kan fili, inda ake atisaye. Skirmantas ya ruga, ya zura ƙwallo, sannan ya tsaya ya sunkuya, hannu ɗaya a gwiwa, ɗayan ya ɗan dafe gaban rigarsa. Gintautas ya ƙirga a zuci. Sai da ya kai goma sha bakwai kafin Skirmantas ya miƙe. A watan Maris takwas ne.

"Tsaya, tsaya," in ji Algimantas. "Ina wasan da ya ci maki ashirin da takwas? Ko kare ne ya cinye shi?"

Gintautas ya tsayar da bidiyon. Idan koci ya ce a ɗauko cikakkun wasannin, asirinsa ya tonu, aikinsa ya tafi, Skirmantas kuma ya zauna daram.

"Wasa ɗaya ne wannan," ya ce. "Ƙafafunsa sun fara gajiya."

"Gajiya? Haba tsoho! Likita ya auna shi watan jiya, ya ce zuciyarsa kamar ta doki."

Gintautas ya taɓa jin wannan maganar, kalma bayan kalma, a wannan ginin.

Jolanta ba ta kallon bidiyon, shi take kallo. "Ka dai san idan muka sallame shi ya bar wasa ke nan? A gaban dubban mutane ya rantse ba zai sa wata riga ba."

"Na sani."

"Kuma kai da bakinka, Gintautas?"

"Ni da bakina."

Ta juya ta dubi rufin filin, inda riga mai lamba goma sha ɗaya ke rataye ita kaɗai, wadda ba a sake ba kowa ba. Gintautas bai bi ta da ido ba. Algimantas ya buɗe baki zai ƙara magana, ta ɗaga masa hannu.

"A kira ɗan Latvia," ta ce.

Gintautas ya sauko bene. A ƙarƙashin kwandon gabas ya yi kwana, ya zagaye wani ɗan wuri a kan katako kamar yadda ya saba yi shekara goma sha biyu. Sababbin 'yan wasa kan yi masa dariya, su ce camfin tsofaffi ne. Tsofaffin 'yan wasa ba sa dariya.

Skirmantas na goge fuska da tawul. Kallo ɗaya ya yi masa ya gane.

"Wa ya haɗa rahoton?"

"Ni."

"Ka san na fi shi."

"Ka fi shi nesa ba kusa ba."

Skirmantas ya tsaya yana huci, kansa na neman taɓa raga, har Gintautas ya ji tsoron hucin ma. Ya jefar da tawul ɗin a ƙafafun tsohon. "Kada ka sake taka ƙofar gidana," ya ce, ya fita, ƙofa ta yi ƙara har gilashin sama ya amsa.

Gintautas ya zauna a benci, ya saki numfashin da yake riƙe tun watan Maris, ya ɗaga kai ya dubi rigar nan mai lamba goma sha ɗaya, karo na farko tun ranar da aka rataye ta.

Tagwaye Allah ya ba shi, ya riga ya binne ɗaya, mai waccan rigar, da ya faɗi a ƙarƙashin wannan kwandon da hannu a ƙirji, don haka gara Skirmantas, wanda ya rage, ya tsane shi har tsufa, muddin dai zai tsufan.