Ƙofar da Ke Amsa Suna

Tun da aka shigo da ƙofofin dutse daga Masar, irin na kaburburan Fir'aunoni, kowace unguwa ta samu tata. Ba a buɗe su. Sunan mamaci ake kira, muryarsa ta amsa daga ciki.

Iya Kande ta kawo furar da marigayi ɗanta yake so, ta ajiye a bakin ƙofa.

"Yaron nan," ta ce. Shiru.

"Iya, sai fa kin kama sunansa," in ji mai gadi.

Ɗan fari ne. Shekara arba'in ya yi a duniya, kunya ba ta taɓa barinta ta faɗi sunansa ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Haladu."

Muryarsa ta fito cikin ladabi: "Na'am. Wace ce?"