Biliyan Takwas da Ɗoriya

"Na warware ta!" Obadiah, ɗalibin lissafi a Samaru, ya faɗo shagon Sharon a unguwar PZ, ya jiƙe sharkaf da gumi, ya zube takardu a kan teburinta.

Sati biyu ke nan da Sharon, wadda ya daɗe yana so amma baki ya ƙi buɗewa, ta cusa masa 'yar takarda bayan an tashi daga coci. Doguwar lamba ce kawai a jiki. Ta ce, "In ka cika namiji, ka san abin da za ka yi da ita."

"Biliyan takwas ce da ɗoriya," ya ce yana haki. "Ba ta rabuwa gida biyu. Uku ta raba ta daidai, bakwai kuwa ta bar saura huɗu. Ko abincin kirki ban ci ba! Har Barau mai keken da ke kawo ni na nuna wa takardarki. Bawan Allah, ya kwafi lambar, wai zai taya ni."

Sharon ta duba lissafin. "Ina sifilin farko?"

"Na jefar. Ai sifili a farkon lamba ba shi da daraja."

"Lambar wayata ce, Farfesa."

Ba ta gama rufe baki ba wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta yi murmushi, ta sassauta murya.

"Barau, ka iso? Ga ni nan fitowa."